Muzurun Fadama da Maki Tara

A Dajin Gangare kowa ya san matsayinsa, wanda ya manta kuwa akan tuna masa da haƙori. Zaki ne sarki. Yana zaune a Tsauni tare da sauran masu farce, su damisa da kura da dila da danginsu. Masu cin ciyawa da ƙananan dabbobi suna can ƙasa, a Fadama. Tsakanin sama da ƙasa akwai wata tsohuwar yarjejeniya da jama'ar Fadama ke alfahari da ita kamar da yaƙi suka ƙwato ta: mai farce ba ya kwana a Fadama. Yana da ikon cin duk wanda ya tsinta a dawa, amma in ka samu ka shigo unguwa da ƙafarka, to ka tsira sai kuma gobe. Wannan shi ake kira 'yanci a Fadama, har akwai ranar da ake hutu dominsa.

Sarki mai ci ya ƙara musu da gasar ƙwallo. A jawabinsa na buɗe ta ya ce bai dace talaka ya wuni da ihu a cikinsa ba, alhali ana iya ware masa fili can nesa da fada ya je ya amayar da shi. Aka damƙa Majalisar Ƙwallo a hannun Kura. Ƙungiyar Tsauni ce ke ɗaukar kofi duk shekara, ba don ta fi kowa iya taka leda ba, sai don da wuya a samu ɗan bayan da zai sa wa ɗan wasan Tsauni ƙafa yau, alhali ya san gobe za su iya haɗuwa a hanyar rafi. Ƙungiyar Fadama kuwa sunanta Guguwa. Suna ne kawai. Iskar da take tayarwa ba ta kai ta kaɗa ganyen rama ba.

Makaɗin magoya bayan Guguwa wani dattijon damo ne mai suna Tunau. Gangarsa ta gado ce. Ana raɗe-raɗin cewa fatar da aka rufe ta da ita ta wani kawunsa ce, amma Tunau bai taɓa bincikawa ba, domin gangar tana da zaƙi. Abokin zamansa a filin wasa shi ne Arzika, wani zomo mai busa ƙaho, wanda bakinsa ba ya hutawa ko ƙahon na ciki ko ba ya ciki. Su biyun sun tsufa suna zagin ƙungiyar da ba za su iya rabuwa da ita ba. In aka lallasa su da ci huɗu, Arzika kan ce an samu ci gaba, ai bara biyar ne.

Ana nan, wata shekara sai Ciyaman Bika, shugaban ƙungiyar, ya sauko daga Tsauni da sabon ɗan wasan gaba. Ya tara magoya baya ya ce, "Jama'a, ga Garnaƙaƙi. Muzuru ne. Haka aka yi masa rajista."

Muzurun ya kai girman maraƙi, kuma roɗi-roɗi ne tun daga goshi har bakin wutsiya. Da ya yi hamma, na layin gaba suka koma layin baya. Arzika ya raɗa wa Tunau, "Idan wannan muzuru ne, ni kuma raƙumin dawa ne." Suka yi dariya har da hawaye. A wasansa na farko Garnaƙaƙi ya zura uku a ragar Tsauni, kuma daga ranar ba wanda ya sake ganin roɗi-roɗin.

Aka ba shi gida a bakin fili, cikin Fadama, tunda yarjejeniya ba ta ambaci muzuru ba. Ba a jima ba maƙwabtansa suka fara tafiya ba sallama. Wata gada ta fita ɗebo ruwa, tulun ne kawai aka tsinta. Sai kuma aka wayi gari gidan kurege a buɗe, ba kowa. Aka ce sun tafi ci-rani. Cewa ana tsakiyar damina bai dami kowa ba, domin Guguwa na saman tebur.

A wasan ƙarshe, da ƙungiyar Tafki, aka ba Guguwa bugun fenariti. Golar Tafki, wata dinya, ta yi tsalle ta tare. Garnaƙaƙi ya biyo ƙwallon, ya iske dinya kwance a kanta, ya cinye dinyar a gaban jama'a, sannan ya tura ƙwallon cikin raga. Alƙalin wasa, Zalɓe, ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu satar gida, ya ba da ci. Ranar Tunau ya kaɗa ganga har yatsunsa suka fashe. Guguwa ta gama a matsayi na ɗaya.

Murnar ba ta yi nisa ba. Tafki suka kai ƙara. Majalisar Ƙwallo ta zauna ta ce Guguwa ta saka mai farce da sunan muzuru, don haka an zabtare mata maki tara, shi kuma ɗan wasan ya tattara ya koma Tsauni. Daga ta ɗaya suka faɗo ta huɗu. Ciyaman Bika ya ɗaukaka ƙara, ya ɗauko Dila ya zama lauyansu. Aka ce kofi ya zauna a fada, Garnaƙaƙi ya zauna a gidansa, har sai an yanke hukunci.

Daga nan jira ya zama sana'ar Fadama. Kullum da hantsi a taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan Tunau, a zana teburin gasa a ƙasa da tsinke, a cire tara, a mayar da tara, a tsaya ana kallon yadda ya yi kyau, sannan a share. Aka sa ranar zama, aka ɗage saboda Kura na fama da ciwon ciki. Aka sake sa wata, aka ɗage saboda Ungulu, ɗaya daga cikin alƙalan, ta tafi wajen wata rasuwa, ba a dai bayyana a matsayin me ba. Duk tsuntsun da ya gifto daga wajen Tsauni sai a tare shi ana tambayarsa labari, shi kuwa ya faɗi abin da ya ga dama ya wuce. Ciyawa ta yi tsawo a unguwa. Aka ce damuwa ce ta hana jama'a ci. Ba wanda ya ce bakunan ne suka ragu.

"Wallahi zalunci ne," in ji Beguwa, wadda ta fi kowa zafi a cikin magoya baya. "Me muka yi musu?"

"Mun cinye musu gola," in ji Arzika.

"To, ban da wannan fa?"

"Ban da wannan kam ba mu yi komai ba."

Aka kwashe da dariya, sannan aka koma zancen zalunci daga inda aka tsaya. Abin da Tunau ya fi so game da mutanensa ke nan: babu ƙaryar da suke yi wa kansu da ba su san ƙarya ba ce. Yana ganin wannan wata irin gaskiya ce, kuma yana alfahari da ita.

Matarsa Tasalla ba ta zama a tsamiya. Wata rana yana shiga gida ta tare shi.

"Malam, 'ya'yan maƙwabciyar ƙanwata biyu ba a gan su ba."

"Yaran yanzu da yawo."

"Ƙwai ne, Malam. Ba a ƙyanƙyashe su ba tukuna."

Tunau ya ce, "Ke ba ki san ƙwallo ba."

"Ban sani ba kam. Amma ku kaɗai na taɓa gani an ce za a fitar muku da wuta daga ɗaki, kuka je kuka ɗauko lauya."

Ana gab da ranar zama labari ya bazu cewa damuwar shari'a ta hana Garnaƙaƙi cin abinci, har ya fara rama. Hankalin tsamiya ya tashi. Arzika ya miƙe ya rataya ƙahonsa ya ce zai je ya ɗan busa masa, ya ba shi labarai, ya san cewa unguwa na tare da shi.

"Ka tsaya daga bakin ƙofa," in ji Tunau.

"Haba, Tunau. Muzuru ne fa," in ji Arzika, ya kashe masa ido ɗaya.

Washegari Arzika bai zo tsamiya ba. Da rana ta ɗaga Tunau ya ja jiki ya nufi bakin fili. Ya iske ƙahon yashe a ƙofar gida, da ɗan gashi fari-fari da iska ke wasa da shi a kan ƙasa. Garnaƙaƙi na kwance a inuwa yana lasar hannu. Da ya ga dattijon sai ya ɗaga kai cikin ladabi.

"Baba, ina wuni? A ci gaba da sa mu a addu'a."

"Lafiya lau. Yaya jikin?"

"Na ji sauƙi sosai, Baba."

Tunau ya ɗauki ƙahon ya juyo. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da ya tsaya ya huta a hanya. Tun suna samari suke zama kafaɗa da kafaɗa a filin nan, a rana da ruwan sama, ana cin su suna dariya. Yanzu wa zai riƙa faɗa masa an samu ci gaba? Da ya iso tsamiya kowa ya ga ƙahon. Can wani ya ce a hankali, "Shi ma ci-ranin ya tafi ke nan." Kowa ya gyaɗa kai, ban da Tunau. Ya shige gida ya kwanta, ya juya wa abinci baya.

A wannan hali Dila ya same shi.

"Baba Tunau, kai ne dattijon magoya baya, kuma kusan maƙwabcinsa ne. Majalisa na son shaida daga bakin ɗan unguwa. Kalma ɗaya ce tak za ka faɗa."

"Zan zo," in ji Tunau.

Da lauya ya fita, Tunau ya dubi matarsa. "Zan faɗa musu. Damisa ne. Su riƙe makinsu, su kwashe shi ya koma inda ya fito, ko da jifana za a yi."

"Allah ya sa," in ji Tasalla, ba ta ɗago daga tsintar da take yi ba.

Ranar zama Tunau ya kama hanya da gangarsa a rataye, yana ta maimaita kalmar a ransa don kada ta kuɓuce masa. Damisa. Damisa. Ba ta da wuyar faɗa.

Majalisa na zama ne a gindin wata babbar kuka, a tsakanin Tsauni da Fadama. Kura na tsakiya, Ungulu a damanta, Kada a hagunta. Sarki Zaki na kwance kan wani falalen dutse daga sama, a matsayin mai sa ido, idon kuwa a rufe. Fadama kaf ta fito, kowa ya ɗaura koren ganye, alamar Guguwa.

Hankaka, lauyan Tafki, shi ya fara.

"Ya masu shari'a, ban zo da dogon bayani ba. Ga wanda ake magana a kansa nan zaune. Ku dube shi. Ku dubi tafin hannunsa, ku dubi abin da ke bakinsa. Golarmu a cikinsa ta ƙare, a gaban dubban shaidu. In majalisa na son ƙarin hujja, ta tambayi jama'ar Fadama su nawa suka fara kakar bana, su nawa suka iso nan yau. Ni ba maƙiyinsu ba ne. Ƙarar da muka shigar ita ce alheri mafi girma da aka yi musu a wannan shekara."

"Ɗan hassada!" in ji Beguwa. Fadama ta ɗauka da sowa da jifa da hoge, har sai da Kada ya buga wutsiya aka natsu.

Dila ya miƙe, ya gyara murya, ya rusuna wa Kura.

"Ranki ya daɗe, abokin aikina ya ce a duba. Tun yaushe aka fara shari'a da ido a wannan daji mai albarka? Mu bi doka. Mene ne muzuru? Yana da gashin baki. Yana da wutsiya. Yana hawa bishiya, yana lasar hannu bayan cin abinci. Wanne ne a ciki wanda nake karewa bai cika ba? An ce ya yi girma. Shin girma laifi ne? In laifi ne, ga mai martaba nan kwance, mai ƙarfin hali ya faɗa a gabansa. An ce ya ci gola. Na bi dokokin ƙwallo daga farko har ƙarshe. An hana taɓa ƙwallo da hannu, an hana satar gida, an hana zagin alƙali. Ban ga inda aka hana cin gola ba. Hasali ma, abin da kowane koci ke faɗa wa ɗan wasansa ke nan kafin a fita fili: je ka ci golarsu. Yaron nan biyayya ya yi. Ranki ya daɗe, waɗannan bayin Allah sun jira kofi tun zamanin kakanninsu. Yau da suka samu gwarzonsu, sai a ce gwarzon nasu ya cika haƙori?"

Har Tunau sai da maganar ta taɓa shi, duk da ya san abin da ya zo faɗa. Sai ya ji an kira sunansa.

Ya fito tsakar fili a hankali. Fadama ta miƙe tsaye tana kiran "Baba Tunau! Baba Tunau!" Shekarunsa duka a filin wasa shi ke kaɗa wa wasu, ba a taɓa kiran sunansa haka ba. A layin gaba ya hango Ladidi, matar Arzika, idanunta sun kumbura don kuka, da koren ganye ɗaure a goshinta.

"Baba Tunau!" ta ɗaga murya. "Kada ka bari tafiyarsa ta zama ta banza! Ba abin da ya fi so a duniya kamar kofin nan!"

Kura ta sunkuyo ta dube shi. "Dattijo, kai ɗan unguwa ne. Ka san shi. Mene ne shi?"

Tunau ya buɗe baki, kalmar na kan harshensa. Sai ya hango tsamiya gobe da hantsi, ba kowa a gindinta sai shi, da tebur mai Guguwa a ta huɗu. Ya kuma ga wani abu da bai taɓa lura da shi ba. In ya ce damisa, to Arzika an cinye shi, da gada, da kurege da iyalinsa, kuma shi Tunau ya yi ta kaɗa ganga ana cinye su. In kuwa ya ce muzuru, ai muzuru ba ya cin zomo mai girman Arzika. Ƙila dai ci-ranin ne.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "muzuru ne."

Ihu ya tashi. Ba wanda ya sake tambayarsa komai, amma sai ya ji bakinsa ya ƙara da cewa, "Da kunnena na ji shi yana miyau."

Wannan ƙarin shi ya fi ba shi kunya da ya koma ya zauna. Abin da ya fi ƙarin muni kuwa, tafin da aka yi masa ya yi masa daɗi.

Alƙalai suka haɗa kai don shawara. Ba su daɗe ba, kamar waɗanda suka gama shawarar tun kafin a shigar da ƙarar. Kura ta miƙe.

"Majalisa ta saurari kowa da kunnen adalci. Ba hurumin majalisa ba ne ta fi jama'a sanin maƙwabcinsu. Tunda waɗanda abin ya shafa sun shaida da bakinsu, ba tilas ba tsangwama, majalisa ta tabbatar cewa Garnaƙaƙi muzuru ne. An mayar wa Guguwa makinta tara. Kofi nata ne."

Ƙasa ta girgiza. Barewa ta rungume bushiya, ta yi nadama, ta sake rungumarta. Ciyaman Bika ya faɗi yana kuka. Kura ta tsaya tana murmushi har hayaniya ta lafa.

"Saura kaɗan," ta ce. "Tunda muzuru ne, uwar da ta haife shi kyanwa ce. Duk wanda suka sha nono ɗaya, ko suka haɗa kaka, shi ma muzuru ne. Yarjejeniyarku mai daraja tana nan daram, ba wanda zai taɓa ta, amma ba ta hana kyanwa kwana a Fadama ba. Saboda haka, domin bunƙasa wasanni a tsakanin talakawa, fada ta amince duk danginsa masu sha'awa su sauko su zauna kusa da fili."

Daga kan dutsen Zaki ya buɗe ido ɗaya. "Kakata da kakarsa," ya ce cikin hamma, "uwa ɗaya uba ɗaya suke." Ya mayar da idon ya rufe.

Tunau ya duba fuskokin mutanensa ya ga kowa ya gane. Ba daƙiƙi ko ɗaya a cikinsu. Hankaka ya tattara fikafikansa ya tashi ba tare da ya waiwayo ba.

Sai Beguwa ta yi tsalle, ƙayoyinta a miƙe. "Jama'a! Irinsa goma sha ɗaya a fili! Wa zai tare mu baɗi?"

Ihun da ya biyo baya ya fi na farko. Aka sauko da kofi daga fada, aka ɗora wa Ladidi a ka, aka kama hanyar gida da waƙa. Tunau na gaba da ganga, hannayensa na aikinsu ba su nemi shawararsa ba.

Sun kusa shiga unguwa sai ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa. Garnaƙaƙi ne ya matso, ya rage tsawo don girmamawa.

"Baba, ka yi mana halacci. Ƙannena za su sauko da yamma, na san za su so su zo su yi maka godiya har gida. Ina ne ma gidan?"

Kiɗa ya tsaya. Tunau ya dubi haƙoran, ya dubi jama'a. Kowa shi yake kallo, kuma abin da ya gani a idanunsu hassada ce, domin gwarzon bai taɓa tambayar gidan kowa ba.

"In ka wuce tsamiya, ƙofa ta biyu," ya ce. "Ta gaban ta ɗan matse. Ku zagaya ta baya, ta fi faɗi."

"Iyali suna nan dai ko?"

"Suna nan. Ba sa fita."

"Madalla, Baba."

Daga baya wani ya yi kira, "Makaɗi, yaya ka tsaya?" Tunau ya gyara rataya, ya laluba inda waƙar ta kai, ya shiga.